Ɗan Aiken Jijiya Da Ƙirjin Mai Asma

Duk gidan da ke da mai cutar asma, mutanen gidan sun san lokacin da ta fi tashi. Sai dare ya raba, gari ya yi tsit, wajen ƙarfe 3 zuwa ƙarfe 4, kafin ladan ya yi kiran farko, sa'an nan za a ji yaron da ya kwanta lafiya lau ya farka yana tari, ƙirjinsa yana kuka kamar ana busa kara. Ya tashi zaune, ya dafa gwiwoyinsa, ya ɗaga kafaɗu, yana neman iskar da ta cika ɗaki amma ta ƙi isarsa. Haka abin yake a zangon Kumasi, haka yake a Umdurman da Jidda, haka kuma a Landan, ko da yake yanayin waɗannan garuruwa ya sha bamban. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ke shaƙe hanyar iska a ƙirjin yaron nan, akwai kuma dalilin da ya sa ya zaɓi wannan lokaci.

Asma ita ce cutar da tsofaffi ke kira fuka, amma dabam take da tarin fuka irin wanda ƙwayar cuta ke kawowa, ba kuma a ɗaukarta daga wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da ita, ta kuma kashe 455,000, yawancinsu a ƙasashen da magani ke wuyar samu. Wanda duk yake son ya fahimci yadda take kama mutum, da yadda maganinta ke aiki, da kuma inda maganin ke kasawa, tilas ya fara da wata 'yar siririyar tsoka da ke cikin huhu, da irin saƙonnin da take karɓa.

Hanyar iska a jikin ɗan Adam kamar itace take da aka kifa, gindi sama, rassa ƙasa. Gindin shi ne maƙogwaro. Da ya shiga ƙirji sai ya rabu biyu, reshe guda ga kowane huhu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka haka har wajen sau 23, kafin a kai ga 'yan mitsi-mitsin buhunan da jini ke karɓar iska a cikinsu. Maƙogwaro yana da zobban guringuntsi 16 zuwa 20 da ke hana shi lotsewa, kowa yana iya taɓa su a wuyansa. Amma gwargwadon yadda rassan ke ƙanƙancewa, gwargwadon yadda guringuntsin ke raguwa, har a kai ga waɗanda faɗinsu bai wuce milimita 1 ba, waɗanda ba su da guringuntsi ko kaɗan. Abin da ke kewaye da su shi ne tsoka, ta nannaɗe su kamar yadda zariya ke kewaye ƙugun wando. In aka ja zariya, bakin wando ya tsuke.

Wannan tsoka ba irin ta damtse ba ce, wadda mutum ke motsawa in ya ga dama. Irin ta hanji ce da ta mafitsara, ba ta jin umurnin mai ita. Tsukewarta kaɗan kuwa ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Tun wajen 1840 wani likitan Faransa, Jean Poiseuille, ya nuna cewa idan aka rage faɗin siririn bututu da rabi, wahalar tura abu ta cikinsa takan ninka har sau 16. Bugu da ƙari, hanyoyin iska sukan ɗan buɗe sa'ad da mutum ya ja numfashi, su ɗan matse sa'ad da ya fitar. Shi ya sa mai asma ya fi shan wuya wajen fitar da iska, tsohuwar iska ta maƙale a huhu, sabuwa ta rasa wurin shiga.

To, wa ke jan zariyar? A nan sai an yi hattara da kalmar jijiya, gama Bahaushe yakan kira hanyar jini jijiya, ya kira agara jijiya. Wadda ake nufi a nan ita ce irin fararen zarurrukan nan da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka suna kai saƙo ko'ina cikin jiki. A cikinsu akwai guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, su gangaro ta wuya, su ba zuciya reshe, su ba huhu, su zarce har ciki da hanji. Likitocin dā sun sa mata suna bagus, watau mai yawo da harshen Latin, saboda yawan wuraren da take zuwa. Cikin 1840 wani likitan Ingila, Charles Williams, ya nuna cewa hanyoyin iskar dabba suna tsukewa in aka taɓa su da lantarki, bayan shekara 2 kuma François Longet a Faransa ya ga hakan yana faruwa in aka tsokani jijiya mai yawo. Cikin 1860 Henry Hyde Salter, likita a Landan wanda shi kansa asma ta dame shi tun yana yaro, ya wallafa littafi a kan cutar, inda ya kafe a kan cewa jijiya ce ke murɗe tsokar. Daga cikin magungunan da ya fi yabawa akwai baƙin gahawa mai ƙarfi, bai kuwa yi kuskure ƙwarai ba, domin abin da ke cikin gahawa yana ɗan sassauta tsokar.

Abin da su Salter ba su sani ba shi ne yadda jijiya ke yi wa tsoka magana. Yawancin masana suna zaton lantarkin da ke gudu cikin jijiya shi ne ke tsallakawa ya shiga tsoka kai tsaye. Wanda ya warware wannan shi ne Otto Loewi, malamin ilmin magunguna a jami'ar Graz ta ƙasar Ostiriya. Bisa ga yadda ya ba da labari da kansa, dabarar ta zo masa cikin barci. Ya farka ya rubuta ta a 'yar takarda, ya koma ya kwanta, da gari ya waye ya kasa karanta rubutun nasa. Kashegari da dare, wajen ƙarfe 3, ta sake dawo masa. Wannan karo bai yarda da takarda ba, ya sa tufafi ya nufi ɗakin bincike.

Ya ɗauko zuciyar kwaɗo guda biyu, waɗanda kan ci gaba da bugawa bayan an cire su in an sa musu ruwan gishiri. Ta farko yana haɗe da jijiyarta mai yawo, ta biyu babu. Ya tsokani jijiyar da lantarki, zuciya ta farko ta rage bugu, abin da kowa ya riga ya sani. Sa'an nan ya zuƙe ruwan da ke cikinta ya zuba wa ta biyu. Sai ita ma ta rage bugu, alhali ba abin da ya taɓa ta sai ruwa. Ashe jijiyar wani sinadari take tofarwa, shi ne ke ɗaukar saƙon. Loewi ya bayyana wannan cikin 1921, daga baya aka tabbatar cewa sinadarin shi ne asetilkolin, wanda Henry Dale na Ingila ya riga ya yi nazarin aikinsa tun 1914. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta 1936. Yanzu an san cewa tsakanin bakin jijiya da tsoka akwai ɗan rata, lantarki yana tsayawa a bakin, sai ɗan aike ya haye da saƙon. Irin waɗannan sinadarai su ne 'yan aiken jijiya, an kuma gano da dama bayan asetilkolin.

Ɗan aike ba ya shiga gida sai da izini. A jikin kowace ƙwayar halitta ta tsoka akwai wuraren da aka yi daidai da siffarsa, kamar kwaɗo da makulli. Abin sha'awa ne ga mai jin Hausa cewa labarin da ya fara da kwaɗon ruwa ya ƙare ga kwaɗon ƙofa. Kwaɗunan da asetilkolin ke buɗewa a kayan ciki iri 5 ne, an lamba musu M1 zuwa M5, harafin kuwa daga muskarin ne, wata guba ta laimar kwaɗi mai kwaikwayon aikinsa. Bambancin kwaɗunan shi ke sa saƙo ɗaya ya haifi aiki dabam-dabam. A zuciya ya tarar da M2, ta sassauta bugu. A hanyar iska ya tarar da M3, wanda da zarar an buɗe shi sai rumbunan da ke cikin ƙwayar tsokar su saki sinadarin kalsiyam, kalsiyam ya tayar da wasu zarurruka iri biyu da ke kwance a jere, su kama juna su ja, ƙwayar ta gajarce. Cikin daƙiƙa kaɗan miliyoyin ƙwayoyi sun yi haka tare, bututu ya tsuke. Irin wannan kwaɗo yana kuma jikin wuraren da ke yin majina, saboda haka hanyar da ta matse sai ta kuma cika da kaki.

Ba don mugunta aka yi wannan tsari ba. Mafi yawan zarurrukan jijiya mai yawo, wajen kashi 80 cikin 100, masu kai rahoto sama ne. Bakunansu suna shimfiɗe ƙarƙashin fatar hanyar iska suna gadi. In ƙura ta shigo, ko hayaƙi, ko iska mai sanyi da bushewa, sai su aika wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta maido da amsa nan take: a yi tari, a tsuke hanya, a zubo majina ta wanke. Ga mai lafiya abin ba ya wuce ɗan tari. Ga mai asma kuwa masu gadin sun cika zargi, tsokar ta yi kauri ta kuma cika saurin amsawa. Ƙurar hunturu da ke saukowa daga Hamada har gaɓar tekun Gana, guguwar ƙasa ta Sudan, sanyin safiyar Ingila, hayaƙin turaren wuta a rufaffen ɗaki, kowanne yana iya sa a rufe masa ƙofa kamar an ga ɓarawo.

Saƙon tsukewa ba a barinsa ya daɗe. A cikin ratar nan akwai wani sinadari mai share fage, wanda ke farfasa asetilkolin da zarar ya isar da saƙo. Muhimmancinsa ba ya bayyana sai ran da aka hana shi aiki. Cikin watan Disamba na 1936, watan da aka miƙa wa Loewi da Dale kyautarsu, wani masanin haɗa sinadarai a Jamus, Gerhard Schrader, yana neman maganin ƙwari sai ya haɗa wata guba da aka sa wa suna tabun, bayan shekara 2 kuma aka sami ƙanwarta sarin, wadda aka saki a jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Tokyo cikin 1995. Aikin waɗannan gubobi shi ne ɗaure mai share fagen. Asetilkolin ya taru, yana ta buɗe kwaɗo ba tsayawa, miyau da hawaye su yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, hanyar iska ta murɗe ta cika da ruwa, har mutum ya nutse a cikin majinarsa. Maganin ƙwarin da ake kira fiya-fiya, da wasu da dama da ake fesa wa gonaki, daga wannan dangi suke, ƙarfinsu ne kawai bai kai ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, gama da irin wannan ɗan aike jijiyar sauro ke aiki. Fesa shi a ɗakin da mai asma zai kwana, tagogi a rufe, ganganci ne babba.

Jijiyar tana da wani linzami nata na kanta, wanda Allison Fryer da Jennifer Maclagan suka gano a Landan cikin 1984. A bakin jijiyar akwai kwaɗon M2. In asetilkolin ya yi yawa a ratar, wani sashe nasa yakan juyo ya buɗe wannan kwaɗo, jijiya ta gane an ji, ta rage fitarwa. Binciken da aka yi a kan dabbobi ya nuna cewa ƙwayoyin cutar mura suna lalata wannan linzami, haka kuma wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, waɗanda kan taru jikin jijiyoyin huhun mai asma, suna fitar da abin da ke toshe shi. Ana ganin wannan yana daga cikin dalilan da ke sa 'yar mura ta kwana 3 ta bar mai asma da makonni yana fama.

Tun kafin a san ko ɗaya daga cikin waɗannan, masu maganin gargajiya na Indiya sun san ganyen da ke buɗe ƙirji. Shi ne zaƙami, wanda Bahaushe ya sani sarai. Cikin 1802 wani hafsan sojan Ingila, Janar Gent, ya komo gida daga Madaras da labarin yadda ake shan hayaƙinsa don asma, nan da nan abin ya bazu a Turai. Fiye da shekara 100 ana sayar da sigarin masu asma na irin wannan ganye a kantunan magani, marubucin nan na Faransa, Marcel Proust, yana cikin masu turara ɗakinsu da shi. Abin da ke cikin ganyen shi ne atirofin da danginsa. Atirofin makullin jabu ne: yana shiga kwaɗon asetilkolin ya zauna daram, bai buɗe ba, bai kuma bar mai buɗewa ya shiga ba. Tsoka ta daina jin kiran jijiya, ta saki. Shi ne ma ya sa har yau allurar atirofin ce ake yi wa wanda gubar fiya-fiya ta kama.

Amma fa ba banza aka sa wa zaƙami suna haukata-yaro ba. Atirofin ba ya tsayawa a huhu, duk inda jini ya kai shi sai ya toshe. Baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, gumi ya ɗauke jiki ya yi zafi, zuciya ta yi ta gudu, fitsari ya tsaya, in ya kai ƙwaƙwalwa mutum ya shiga sambatu, wani lokaci ya mutu. Ƙarfin gubar kuma ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, ba mai iya auna shi da ido. Abin da masana suka yi shi ne gyara siffar atirofin ta yadda ba zai iya ratsa jikin hanyar iska ya shiga jini sosai ba, balle ya kai ƙwaƙwalwa. Haka aka sami ifiratirofiyam a Jamus wajen tsakiyar shekarun 1970, sa'an nan tiyotirofiyam cikin 2002, wanda shaƙa ɗaya ke aiki yini da kwana. Sun fi amfani ga masu toshewar huhu ta dindindin, irin wadda taba da hayaƙin itacen girki ke kawowa, gama a wannan cuta riƙon jijiya mai yawo shi ne babban abin da magani ke iya kwancewa.

Wannan shi ne ɓangaren ja. Ɓangaren saki kuwa akwai abin mamaki a cikinsa. A yawancin kayan ciki jijiyoyi iri biyu ne ke ja-in-ja, ta hutawa irin mai yawo, da ta tashin hankali. Zuciya tana da duka biyun. Tsokar hanyar iskar ɗan Adam kuwa kusan ba ta da zaren jijiyar tashin hankali ko ɗaya, alhali jikinta cike yake da kwaɗunan da aka yi don irin wannan saƙo. Makullinsu ta jini yake zuwa. Shi ne adirenalin, wanda wasu 'yan kumburai biyu da ke zaune bisa ƙoda ke zubawa a jini in mutum ya firgita ko yana gudu. In ya buɗe kwaɗonsa, kalsiyam ya koma rumbu, zarurruka su saki juna. Jijiya mai yawo ita ma tana da wasu 'yan zarurruka masu sassautawa, ɗan aikensu kuwa wata iska ce, naitirik oksaid, amma kumburi yana raunana su. Watau dai mai ja yana zaune a bakin ƙofa, babban mai saki kuwa sai ya yi tafiya.

Daga nan aka gane sirrin ƙarshen dare. Cikin barci jijiya mai yawo takan ƙara riƙo, adirenalin na jini ya sauka zuwa mafi ƙanƙantarsa, kotizol kuma, wanda jiki ke danne kumburi da shi, ya riga ya ja baya tun tsakar dare. Hanyar iskar kowa takan ɗan matse wajen ƙarfe 4 na asuba, mai lafiya dai ba ya ji. Likitoci sun gwada ba masu asma atirofin a wannan lokaci, suka ga ya kwance mafi yawan matsewar.

Ko abin da mutum ya sa a ransa ta wannan jijiya yake bi. Cikin 1968 wasu likitoci a New York sun ba masu asma 40 tururin ruwan gishiri, suka ce musu abin da ke tayar musu da cuta ne. Kusan rabinsu hanyar iskarsu ta tsuke, aka kuwa auna da na'ura. Da aka sake gwajin bayan an yi musu allurar atirofin, abin bai faru ba. Kada wani ya ji wannan ya ce wa yaro ai raki ne. Tsukewar da tsoro ya kawo, a cikin huhu ba ta da bambanci da wadda ƙura ta kawo.

Adirenalin shi ne tushen maganin da masu asma suka fi sani a yau. Wani Bajapane, Jokichi Takamine, ya tace shi a Amurka cikin 1901, ba da daɗewa ba aka fara yi wa masu asma allurarsa. Yana buɗe ƙirji, amma yana zaburar da zuciya ya hau da jini. Cikin 1948 Raymond Ahlquist ya nuna cewa kwaɗunansa iri biyu ne, alfa da beta. Cikin 1956 wani kamfani a Amurka ya fito da ɗan gwangwanin nan da ake dannawa a shaƙa, ana ba da labari cewa 'yar shugaban kamfanin, mai shekara 13, ita ta tambayi ubanta don me ba za a sa maganinta cikin irin gwangwanin feshin gashi ba. Bayan 'yan shekaru sai murna ta koma ciki. A Ingila da Wales, tsakanin 1959 da 1966, mutuwa daga asma ga masu shekara 5 zuwa 34 ta ninka sau 3, ga yara masu 10 zuwa 14 kuwa kusan sau 7. Bincike ya karkata ga wani abin shaƙa mai suna aisofirenalin, wanda aka fito da irinsa mai ƙarfi ninki 5, ana kuma sayar da shi ba tare da takardar likita ba. Yana buɗe kwaɗon beta na huhu da na zuciya baki ɗaya, yana kuma ba mara lafiya sauƙin da ke hana shi zuwa asibiti da wuri. Da aka yi gargaɗi cikin 1967, aka kuma hana sayar da shi barkatai cikin 1968, mutuwar ta ragu.

A shekarar nan ta 1967 aka gano cewa beta ma iri biyu ne, na 1 ya fi yawa a zuciya, na 2 a hanyar iska. David Jack da abokan aikinsa a Ingila suka ƙera makullin da ya fi dacewa da na 2, shi ne salbutamol, wanda ya shiga kasuwa cikin 1969 da sunan Ventolin. Shi ne shuɗin gwangwanin da ke aljihun masu asma ko'ina a duniya. Yakan fara aiki cikin minti 5, ya riƙe sa'a 4 zuwa 6. Ya ceci rayuka masu yawan gaske, duk da haka tsoka kaɗai yake yi wa magana. Ƙarƙashin tsukewar akwai kumburi: jikin hanyar ya yi ja ya kumbura, ƙwayoyin kare jiki suna fitar da histamin da wasu sinadarai masu tsuke tsoka ba tare da sun bi ta jijiya ba, su ne kuma ke sa masu gadi zargi, su lalata linzami. Salbutamol ba ya taɓa wannan, in ma aka yawaita shi kullum sai kwaɗunan beta su ragu. Mai kashe kumburin shi ne abin shaƙa dangin kotizol, wanda aka fara cikin 1972, wanda mutane da yawa ke yasarwa domin ba sa jin aikinsa nan take. Cikin 2019 ƙungiyar ƙwararru ta GINA, mai tsara ƙa'idojin maganin asma, ta daina ba da shawarar a riƙe baligi ko matashi da salbutamol shi kaɗai. Wanda ke ƙarar da gwangwani 3 ko fiye cikin shekara, alama ce kumburin yana cinsa, ya kamata likita ya sake duba shi.

Akwai kuma makullin jabu na kwaɗon beta. James Black ne ya ƙera shi a Ingila a farkon shekarun 1960, watau furofuranolol, don ciwon zuciya da hawan jini, ya kuwa sami kyautar Nobel ta 1988. Ga mai asma ƙwaya ɗaya tana iya zama ajali, domin ta toshe hanyar adirenalin ta bar jijiya mai yawo tana ja ita kaɗai, salbutamol kuma in an shaƙa ya tarar da kwaɗonsa a cushe. Har maganin ɗiga wa ido na hawan jinin ido, timolol, daga wannan dangi yake, yakan bi ta hanci ya shiga jini. Saboda haka wajibi ne mai asma ya ambaci cutarsa ga kowane likita, har na ido, kada kuma ya karɓi ƙwayar hawan jini daga hannun maƙwabci.

Shi kuwa yaron da ya farka kafin asuba, abin da iyayensa za su lura da shi shi ne maganarsa da kukan ƙirjinsa. In ya kasa haɗa jimla guda ba tare da ya tsaya numfashi ba, ko leɓunansa sun canja launi, ko ya shaƙi magani bai sami sauƙi ba, sai asibiti, ba a jiran gari ya waye. Mafi haɗari shi ne kukan ƙirjin ya ɗauke alhali yaron yana ƙara galabaita, gama wannan yana nufin iskar da ke wucewa ba ta kai ta yi ƙara ba. A asibiti za a sa masa iskar oksijin, a ba shi salbutamol da ifiratirofiyam tare, ɗaya yana buɗe kwaɗon saki, ɗaya yana toshe kwaɗon ja, a kuma ba shi maganin kumburi tun da wuri, domin shi sai bayan wajen sa'a 4 yake fara aiki. Ƙananan yara ba su iya daidaita danna gwangwani da jan numfashi ba, shi ya sa ake haɗa musu shi da wani ɗan tulu da ke tara feshin su shaƙa a hankali. Inda babu tulun, likitocin yara a birnin Cape Town sun nuna cikin 1999 cewa gorar roba ta rabin lita, in aka huda gindinta aka cusa bakin gwangwanin aka liƙe, tana yin aikin daidai da na kanti.